Masaƙar da ke Cikin Kwalbar Khal

Kwalbar khal ba ta cika ƙarewa a gidajenmu ba. Da zumuɗi ake sayenta, galibi dab da azumi, ko bayan an ji wani mai magani a rediyo ya ce tana rage teɓa. A sha cokali guda a ruwan ɗumi na 'yan kwanaki, tsami ya kashe wa mutum haƙora, sai a tura ta bayan kanta, kusa da robar kanwa da ƙullin daddawa. Nan za ta zauna har zafin bazara ya shigo. Wata rana uwargida na neman wani abu daban, ta ɗaga kwalbar, sai ta ga wani abu ya kwanta a saman ruwan: fari-fari ko ruwan ƙasa, zagayayye daidai faɗin kwalbar, yana reto in an girgiza. Ba kowace kwalba ke yinsa ba. Farin khal ɗin kamfani da aka tace aka dafa ba ya yi. Wanda ba a tace ba, mai gurɓi a gindi, shi ne mai haihuwa.

A Birnin Gwari na ga gwaggona ta zaro irinsa da cokali mai yatsu, tana riƙe da shi nesa da jikinta.

"Kai, zo ka ga ikon Allah. Wannan kuma wace irin ƙazanta ce?"

"Gwaggo, don Allah kada ki zubar, ba ni shi."

"Me za ka yi da ruɓaɓɓen abu? Ku 'yan boko ba ku da ƙyanƙyami."

Ba ruɓa ba ce, kuma ba funfuna ba ce. Funfuna gashi-gashi gare ta, kore ko baƙa, a bushe take a saman abu, ka taɓa ta ta watse. Wannan kuwa in ka ɗauraye shi ka riƙe a hannu, ganda ce sak, wadda ta dahu ta yi laushi: ga santsi, ga danƙo, ka ja shi da yatsu biyu ya ƙi yagewa. Ka matsa shi ruwa ya tsiyayo, ka ƙara matsawa wani ya sake fitowa, ka rasa inda yake ɓoye shi. Ka shimfiɗa shi a bayan faranti a rana, kafin gobe ya motse ya koma 'yar falle wadda kana iya hango inuwar yatsanka ta cikinta, biro kuma yana kama ta. In ka kanga gefenta a wutar ashana, ƙaurin takarda za ka ji, ba ƙaurin fata ko gashi ba. Wannan ƙaurin shi ya tona asirinsa. Abin da ke cikin takarda shi ne a cikinsa.

Masana na ce masa selulos. Shi ne ƙashin jikin duk wani tsiro: karan dawa, ɓawon gyaɗa, igiyar rama, audugar rigar da ke wuyanka, allon da almajiri ke wankewa. Wani Bafaranshe, Anselme Payen, ya fara ware shi daga jikin itace a 1838. Auduga kusan kashi 90 cikin 100 ɗinta shi ne, itace kuwa tsakanin kashi 40 zuwa 50. Asalinsa sukari ne, irin wanda ke cikin tuwon masara, sai dai an ƙulla ƙwayoyinsa ƙulli na daban wanda cikin ɗan Adam ba ya iya kwancewa. Saniya ma ba da wayonta take cin harawa ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su ke kwance mata ƙullin, haka ma gara. Duk bijimin da ka gani a kara ranar kasuwa, aikin waɗannan halittu ne ya tsaya da ƙafa huɗu.

Wasu na kwancewa, wasu na ƙullawa. Ta cikin kwalbar khal maƙulliya ce. A 1886 wani masani ɗan Ingila, Adrian Brown, wanda ke aiki a garin Burton, ya ɗauki wannan yanar ya gwada ta, ya tarar selulos ce tsantsa, kuma bakteriya ce ta yi ta, ba tsiro ba. An sha sauya wa bakteriyar suna, yanzu dai ana kiranta Komagataeibacter xylinus, don karrama wani masanin Japan mai suna Kazuo Komagata. Ba ta cikin masu sa cuta. Danginta su ne masu juya barasa ta koma khal, su ke tsamar da bammin tukurwa in ya kwana, kuma ƙananan ƙudajen nan da ke yanyame ruɓaɓɓen mangwaro su ke yawo da su a ƙafafu. Ruwa ba ya tsami banza.

Me ya kai ta saƙa? Iska. Ba ta rayuwa sai da iska, ga shi abincinta cikin ruwa yake. Sai ta tsaya a inda ruwa da iska suka haɗu, ta riƙa shan sukari tana fitar da zare ta wasu 'yan kafofi da ke jere a gefen jikinta. Zaren ya murɗe ya zama ɗan sirin ƙyalle, na wannan ya sarƙe da na waccan, har a samu shimfiɗar da za ta riƙe su duka a sama, ta kare su daga bushewa da zafin rana. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙwaya ɗaya tak tana iya ƙulla ƙwayoyin sukari har 200,000 a daƙiƙa guda. Sabuwar saƙa daga sama take hawa, tsohuwa ta nutse ƙasa, shi ya sa in ka duba gefen mai kauri za ka ga hawa-hawa ne.

Masu yinsa da gangan ba su yi nisa da wannan ba. Tun 1954 wasu masana biyu a birnin Ƙudus, Hestrin da Schramm, suka tsara haɗin ruwan da har gobe ake amfani da shi: sukari kashi 2 cikin 100, ɗan abincin gina jiki, ɗan tsami. A zuba a faranti mai faɗi, a sa iri, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a ajiye inda ɗumi ya kai digiri 28 zuwa 30, kada a motsa. Mako ɗaya zuwa biyu an samu. Sai a tafasa shi a ruwan soda irin ta masu sabulu don a kashe ƙwayoyin a wanke su, a ɗauraye har ya yi fari fat.

Yanzu ɗaga kai ka dubi dajin da ya kewaye Birnin Gwari. Gandun Kamuku tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun ƙasa, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120, yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara. Doka ce sarauniyarsa, ga maje, ga kawo, ga taura da kaɗanya da ɗorawa. Duk wannan selulos ne a tsaye, amma a ɗaure yake. Bishiya ba ta barinsa tsirara. Tana cakuɗa shi da wani danƙo mai suna lignin, wanda shi ke sa itace tauri da launi. Kafin ka raba su sai ka sare, ka daddatse, ka dafa a tukunyar ƙarfe da soda da sinadarai a zafin da ya kai digiri 170, sannan ka wanke da maganin faranta abu, ka san inda za ka kai baƙin ruwan da ya rage. Aikin da masana'antar takarda ke yi ke nan. In ka miƙe hanyar kudu daga Birnin Gwari, ka wuce Tegina da Mokwa, za ka isa Jebba, inda aka buɗe irinta a 1969. Ita da 'yan uwanta na Oku-Iboku da Iwopin duk sun durƙushe a shekarun 1990, kuma cikin abubuwan da suka karya su har da dogaro da ɓargon itacen da ake sayowa daga waje. Bakteriyar nan kuwa ba ta san lignin ba. Nata a wanke yake fitowa.

Amma ba tsabtar ce ta fi jan hankalin masana ba, sirantar ce. Ɗauki milimita ɗaya, 'yar tazarar nan da ke tsakanin ƙananan layuka biyu a jikin rula, ka raba ta gida miliyan. Kaso ɗaya shi ake kira nanomita. Kaurin silin gashin kai ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Zaren bakteriyar bai cika wuce 100 ba. Sai ka jera kusan dubu kafin su tare faɗin gashi guda. Abu in ya sirance haka, halinsa kan sauya. Ramukan saƙar sun yi ƙanƙantar da ƙwayar cuta ba ta iya ratsawa, amma iska da tururi suna wucewa. Zaren yana da fuska mai yawa da ruwa zai manne mata, shi ya sa yake riƙe ruwan da ya ninka nauyinsa sau 100. In ya bushe kuma zaruruwan suka rungumi juna, fallen yakan yi ƙarfin da takardar itace ba ta kama ƙafarsa ba.

Masu itace ma suna iya kaiwa ga wannan sirantar, amma da gumin goshi. Sai an tura ɓargon ta injin matsi sau da yawa, ana ƙona wutar lantarki, har sai da Akira Isogai na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa suka gano sinadarin da ke sassauta zaren tukuna. Wannan aikin ne ya sa aka ba su lambar yabo ta Marcus Wallenberg a Suwidin a 2015. Akwai kuma hanyar asid, wadda Bengt Rånby ya buɗe a Suwidin wajejen 1950: a jiƙa selulos a asid irin na ruwan batir, amma wanda ya fi shi ƙarfi, ya cinye sassa masu laushi ya bar 'yan tsinkaye masu tauri. Waɗannan tsinkayen ake zubawa a roba ko fenti ko siminti don a ƙara musu ƙwari. A 2012 kamfanin CelluForce ya buɗe masana'antarsu a Windsor ta lardin Kebek a Kanada, mai iya fitar da tan ɗaya a yini. Ana yin tsinkayen da selulos ɗin bakteriya ma, kuma nata sun fi na itace tsawo.

Abin dariya, kasuwar da ta fi cin wannan kaya ba ta masu farar riga ba ce, ta masu kwaɗayi ce. A Filifin, wata masaniya mai suna Teódula Kalaw África ta fito da hanyar renonsa a ruwan kwakwa a 1949. A yanka shi ƙanana, a dafa da sukari, a zuba a lemo. Sunansa nata de coco. In ɗanka ya taɓa sa ka sayi lemon robar nan na Tailan, Mogu Mogu, mai 'yan fararen gutsattsari da ake taunawa, to ya ci abin da gwaggona ta kira ƙazanta. Sony kuma a 1989 ta yi fatar lasifikar wani abin sauraro na kunne mai tsada, MDR-R10, da shi, saboda rashin nauyinsa da ƙarfinsa. Mata masu gyaran jiki na manna shi a fuska. Wasu na rina shi su ɗinka jaka a madadin fata, ko da yake ruwa na ba su wahala.

Duk waɗannan ba su dame ni ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na ƙuna.

Kowa ya san abin da hunturu ke kawowa. Kaskon garwashi a tsakar ɗaki, tukunyar ruwan wanka a bakin murhu, yaro mai rarrafe, zanen roba da ya lashi wuta. Ga jarkokin fetur a ɗakunan kwana. Ga tankokin da suka fashe, na Majiya a Jigawa a Oktoban 2024, da na mahaɗar Dikko a Neja a Janairun 2025. Kafin a kai ga asibiti an riga an shafa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko manja, wasu su liƙa gashin zomo, duk kuwa datti suke ƙara wa ciwon. A asibitin ma, duk uwar da ta taɓa jinyar ƙuna ba za ta manta da safiyar wankin ciwo ba. Bandeji ya kwana ya manne da nama. Ma'aikaciyar jinya ta jiƙa shi, ta jira, ta fara ɗagawa a hankali, sabuwar fatar da ta soma tohowa ta biyo shi. Uwa na danne ƙafafu tana kau da kai tana "sannu, sannu, an kusa gamawa," alhali yanzu aka fara, kuma jibi ma za a sake.

Tun shekarun 1980 wani kamfani a Kuritiba ta Brazil ya fara sayar da fallen selulos ɗin bakteriya da sunan Biofill don rufe ƙuna, kuma yau ana yin irinsa a Jena ta Jamus da wasu wurare. Yana kwanciya luf a kan ciwo, yana sanyaya shi, yana riƙe danshin da fata ke buƙata don ta toho, ba ya mannewa irin na auduga, kuma yakan yi kwanaki ba a taɓa shi ba. Yana da iyakarsa. Shi kansa ba ya kashe ƙwayar cuta, sai an jiƙa shi da magani ko an sa masa ƙwayoyin azurfa. Ƙunar da ta ci fata har ƙasa kuwa sai dashe. Kuma kada wani ya karanta wannan ya je ya zaro na kwalbar ɗakin girki ya manna wa yaro. Wancan cike yake da asid da ƙwayoyi masu rai. Wanda ya ƙone, a kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kama hanyar asibiti.

Akan ji masu tallar wannan fasaha suna cewa ita za ta ceci dazuzzuka. Da haka ne da na fi kowa murna, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babu mai shiga dajin Birnin Gwari da gatari don yana neman selulos. Gawayi yake nema, da itacen girki, da katakon rufi, da sabuwar gona. Ka bi hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku ka ga buhunan da aka jera a bakin titi, bakinsu a ɗinke da igiya, suna jiran motar birni. Muddin tukunyar gas ta fi ƙarfin aljihun ma'aikaci a Rigasa da Tudun Wada, ƙirya da doka za su ci gaba da biyan kuɗin. Madobiya kuma masu kujerun alfarma a Sin ne suka yi mata rubdugu a faɗin Afirka ta Yamma, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta Kaduna ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru a rufe, ya sauƙaƙa wa manomi da fasinja hanya. Hanyar da ta buɗe wa buhun masara ita ce ta buɗe wa injin zarto. Kare dajin aikin ma'aikatan gandu ne da masu unguwanni da masu tsara farashin makamashi, bakteriya ba ta da ta cewa a ciki.

Sannan akwai lissafi. Kashi 99 cikin 100 na ɗanyen fallen ruwa ne. Ka ɗaga kilo guda daga faranti, ka shanya, abin da zai rage maka bai wuce giram 10 ba. Da wannan ba a yin littafin makaranta, balle kwalin taliya. Kuma sukari take ci, a ƙasar da mafi yawan ɗanyen sukarinta daga Brazil ake ɗauko shi a jirgin ruwa. Duk wanda zai ciyar da ita sukarin shayi don ya yi gasa da itace, asara zai tafka. Ribarta tana inda ake son abu kaɗan, mai tsabta, mai daraja, kuma inda abincinta ya zo a banza.

Abincin banza kuwa Allah ya hore mana. A Indonesiya ana renonta a ruwan da ya tsiyaye daga awara, da ruwan matsar rogo, a ɗan ƙara sukari. To, wace unguwa ce a Birnin Gwari ba a tuyar awara? Da hantsi ka leƙa bayan gidan mai yinta ka ga ruwan nan rawaya-rawaya yana bin kwata, kaji na tsattsaga a gefensa. Ga ruwan da ake tsiyayewa daga kan gasara. Ga kumfar da masu mazarƙwaila ke kwashewa daga bakin tukunya. Ga baƙin maɗin da ke ragowa a masana'antar sukari irin ta Sunti kusa da Mokwa, wadda aka ƙaddamar a 2018. Ga mangwaron da ke zubowa ya ruɓe a gindin bishiya saboda ya fi ƙarfin masu saye, kuma daga jikin irin waɗannan ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa ne masu bincike a ƙasashe da dama suka ware nasu irin. Ɗumin da Bature ke kunna na'ura ya samar, mu a ɗaki muke da shi yawancin shekara, in ka cire tsakiyar bazara da yakan wuce kima da dararen hunturu. Reno ba ya son lantarki. Inda ake buƙatar wuta da ruwa mai kyau da horo shi ne wajen wankewa da kashe ƙwayoyi da gwaji, sai kuma doguwar hanyar samun amincewar NAFDAC kafin abu ya taɓa jikin majinyaci.

Wuraren da za su iya wannan ba su da nisa. Zariya kaɗai tana da Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta a Shika, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, da cibiyar fasahar fata ta NILEST a Samaru. Kaduna na da jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe, cikinsu har da 'ya'yan Kuyello da Randagi da Dogon Dawa da suka yi karatu cikin fargaba, suna yawo ofis-ofis suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ga tambayoyi nan a ƙofar gida, masu amsuwa da faranti da ma'auni: wane iri ne a mangwaronmu ya fi saƙa, ruwan awara ko na gasara wanne ya fi ba da kauri, giram nawa lita guda ke bayarwa, kuma nawa falle ɗaya mai faɗin tafin hannu zai tsaya in an kwatanta da bandejin da ake sayowa daga waje.

Malamai masu duba ayyukan ɗalibai, in yaro ya zo muku da wannan, ku ba shi benci da faranti shida, ku haɗa shi da likitan ƙuna tun daga farko. Kai kuma ɗalibi, mangwaro a watan Afrilu yake fara zuba. Ka tanadi kwalabenka tun Maris.